Doguwar Ƙaura: Harshen Python Tsakanin 2008 da 2020

Ranar 3 ga Disamba, 2008, aka saki siga ta 3.0 ta Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhajar kwamfuta da su. Littattafai sukan ɗauki wannan rana a matsayin mafarin sabon zamani, amma ni ina da ja a kan haka. Sakin siga aikin mutane ƙalilan ne, karɓarta kuwa sai jama'a sun yarda, kuma jama'ar Python sai da suka kwashe fiye da shekara 11 kafin su kammala ƙaura daga tsohon gida zuwa sabo. Tarihin wannan tsakani shi nake son bibiya, domin a cikinsa ne aka gane wanda ke da iko da harshen da aka ce na kowa ne.

Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fara ƙirƙirar Python a watan Disamba na 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken lissafi da kwamfuta ta CWI da ke Amsterdam. Ya fitar da shi ga jama'a a Fabrairun 1991, ya bar tushensa a buɗe ga duk mai son karantawa ko gyarawa. Sunan ma ba daga mesa ya samo asali ba, daga wani shirin barkwanci na BBC ne mai suna Monty Python's Flying Circus. A shekarar 2000, wadda a cikinta aka saki siga ta 2.0, aka kafa tsarin da ake kira PEP: duk mai son a yi babban sauyi sai ya rubuta takardar shawara mai lamba, ya kawo hujjojinsa, a yi muhawara a fili. Sai dai maganar ƙarshe ta Guido ce, har abokan aikinsa suka laƙaba masa, cikin raha, sarautar mai mulkin kama-karya mai tausayi na har abada.

Me ya sa aka taɓa harshen da yake aiki lafiya? Wasu sauye-sauyen ƙanana ne. A tsohuwar siga, idan ka raba 7 da 2 sai kwamfuta ta ba ka 3, ta jefar da ragowar. A sabuwa za ta ba ka 3.5. Umarnin print ma an sauya yadda ake rubuta shi. Amma ƙashin bayan al'amarin shi ne rubutu. Python 2 ya tashi ne a kan tsarin ASCII mai alamomi 128, waɗanda aka tsara domin Ingilishi, kuma bai bambanta haruffa da ƙwayoyin bayanan da ake adana su a ciki ba yadda ya kamata. Bahaushe zai fi saurin gane illar wannan, tunda ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin waɗancan alamomi. Ɗauki kalmar "ƙasa". Idan an adana ta a tsarin UTF-8 aka tambayi Python 2 tsawonta ba tare da wani tanadi ba, zai ce 5, saboda ƙ kaɗai tana cin gurbi biyu. Python 3 zai ce 4, kamar yadda kowane ɗan firamare zai ƙirga. Balarabe da Basine da mai rubutun ajami duk wannan ƙaya ce ke sukar su. A nan ina tare da masu sauyin ɗari bisa ɗari: gyaran ya wajaba.

Inda lissafinsu ya kuskure shi ne yadda mutane za su tashi. Manhajar da aka rubuta da Python 2 ba ta aiki kai tsaye a kan Python 3. An tanadi wata manhaja mai suna 2to3 domin ta riƙa juya tsohon rubutu zuwa sabo, da zaton kowa zai juya nasa a wuce wurin. Amma kusan kowace manhaja ta jingina ne da wasu rumbunan da wasu mutane suka rubuta, galibinsu 'yan sa-kai da ke aikin a lokacin hutunsu. Mai kamfani ya ce ba zai ƙaura ba sai rumbunan da yake dogara da su sun ƙaura. Mai rumbu ya ce ba zai sha wahalar ba tunda masu amfani da kayansa suna tsohon gida. Kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Siga ta 2.7 da aka saki a Yulin 2010 ta ƙara wa zaman daɗi, domin an kwaso mata wasu daga cikin kyawawan abubuwan sabuwar. A 2011 aka fitar da PEP 404, wadda ta bayyana cewa ba za a taɓa yin siga ta 2.8 ba. Lambar ma da gangan aka zaɓe ta, ita ce wadda intanet ke nunawa idan shafin da ake nema babu shi.

Abin da ya warware ƙullin daga ƙasa ya taso. Masu rumbuna sun gano cewa sun fi son rubutu guda da zai yi aiki a sigogin biyu, maimakon juye-juye. Benjamin Peterson ya rubuta wani ƙaramin rumbu domin wannan buƙata, ya sa masa suna six, wato 2 sau 3. Daga nan sai jagororin harshen suka fara ja da baya a kan wasu hukunce-hukuncensu. Python 3.0 ya soke harafin u da ake sa wa a gaban rubutun Unicode, bisa hujjar cewa ba shi da sauran amfani. Armin Ronacher, marubucin Flask, ya kawo PEP 414 yana neman a dawo da shi domin sauƙaƙa wa masu ƙaura, aka kuwa dawo da shi a siga ta 3.3 a 2012. A 3.5, cikin 2015, aka sake maido wata tsohuwar hanyar tsara bayanai da aka cire. Mai son tsabtar harshe zai ga waɗannan a matsayin koma baya. Ni kuwa ina ganin su ne suka ceci Python 3, domin da an nace a kan tsabta da wataƙila an wayi gari da harsuna biyu masu gaba da juna. Django ya fara gwajin sabuwar siga a 2013, ya yi sallama da tsohuwa a Disambar 2017, shekarar da Instagram ma ya ba da labarin kammala tasa ƙaurar. Wa'adin Python 2.7 da aka sa a 2015 kuwa, tun a 2014 Guido ya ɗage shi zuwa 2020.

Ana cikin haka sai sarautar kanta ta girgiza. A 2018 aka yi zazzafar muhawara a kan PEP 572, wadda ta kawo alamar := cikin harshen. Guido ya amince da ita, amma ranar 12 ga Yuli ya sanar da abokan aikinsa cewa ya gaji da irin wannan fafatawa, ya sauka, kuma ba zai naɗa magaji ba. Ya bar musu su nemo yadda za su mulki kansu. Bayan sun auna tsare-tsare da dama, a Disamba suka zaɓi majalisar jagoranci mai mutum 5, wadda ake sake zaɓenta lokaci-lokaci. Majalisar farko ta 2019 ta ƙunshi Barry Warsaw, Brett Cannon, Carol Willing, Nick Coghlan da Guido kansa, wannan karon da ƙuri'a guda kamar kowa.

Ranar 1 ga Janairu, 2020, wa'adin Python 2 ya cika, kuma a Afrilu Peterson, wanda ya shekara 10 yana kula da sakin 2.7, ya fitar da ta ƙarshe, 2.7.18. Tun daga 3.9 a Oktoban wannan shekara, sabuwar siga na fitowa ne sau ɗaya a shekara, kowacce da kulawar shekara 5, kuma ƙa'ida ta tanadi cewa kafin a cire wani abu daga harshen sai an yi gargaɗi a kansa a sigogi biyu aƙalla.