"Mai Shi" a Rumbun Bayanai: Mallaka ce ko Riƙo?

A rumbun bayanai na kwamfuta, kowane ajiyayyen umarni, wato ɗan shirin da ke lissafa albashi ko fitar da sakamakon ɗalibai, yana da wanda aka rubuta a matsayin mai shi. Sunan nan bai kwanta mini a rai ba.

Ɗauki misalin gona: manomin Sanyinna zai ce gonarsa ce, gado ya ci. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma abin da ƙaramar hukumarsa ta Tambuwal ke iya ba shi izinin zama da noma ne. Hausa ta daɗe da rarrabe gado da aro da jingina da riƙo. Mai shi na rumbu, a ganina, mai riƙo ne: ma'aikata ke da kayan, shi dai an sakar masa ikon gyarawa, gogewa da ba wasu izini.

Masu ƙera manhajojin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A SQL Server akwai dbo, taƙaicen "mai rumbu". Kafin fitowar 2005, sunan ma'aikaci na manne da duk abin da ya ƙirƙira, don haka in ya bar aiki sai a rubuta jerin umarni da zai bi kayansa ɗaya bayan ɗaya da sp_changeobjectowner. Daga 2005 aka raba mutum da zauren da kayan ke ciki. PostgreSQL kuwa ta kawo REASSIGN OWNED a 2006, layi guda ya kwashe komai zuwa sabon hannu, sai dai a cikin rumbun da ake kai kawai.

MySQL ce ta fi kusa da gaskiya. Ta ce DEFINER, wanda ya shimfiɗa umarnin, domin da ikonsa umarnin ke gudana in ba a tsara akasin haka ba. A goge asusunsa, aiki ya tsaya da kuskure mai lamba 1449.

Nan ne haɗarin sauya mai riƙon umarni da yawa lokaci guda yake. Wanda ya ɗauka suna kawai yake canzawa zai miƙa umarni ɗari ga babban mai kula, alhali waɗanda ke gudana da ikon mai riƙonsu sun sami ikon taɓa duk abin da ke rumbun. A SQL Server ma, ƙaurar da umarni zuwa wani zaure na share izinin da aka ba mutane a kansa. Dole a kwafe izinin nan tukuna, a mayar da shi bayan an gama.