Sauti biyar: daga Japan zuwa Arewa, a kan igiyar jita bas

Yau kiɗi za mu taɓa, da tarihin abin da ake kira "gam", wato jerin sautukan da ake gina waƙa a kansu.

Duk wanda ya zauna benci a lakwal ya san do, re, mi, fa, sol, la, si. Guda bakwai, haka mushe ya koya muna, kamar dai su kaɗai Allah ya yi. Amma in ka kasa kunne ga mai goge a wasan bori, ko mai gurumi, ko mata suna waƙar daka a Matankari ko Kore Mairuwa, yawanci sauti biyar ne suke juyawa. Kuma ba mu kaɗai ba. Japan, can ƙarshen gabas, su ma a kan biyar sunka gina kiɗinsu na gargajiya.

Nasu iri biyu ne manya, "yo" da "in". A 1895 wani masani mai suna Uehara Rokushiro ya rubuta littafi ya bambanta su. "Yo" ita ce ta waƙoƙin karkara, kunnen Ba'are ba zai ji ta baƙuwa ba. "In" kuwa ta birni ce, ana jin ta a koto mai igiya 13 da shamisen mai igiya 3. Tana da wani taushi mai kama da kewa.

Masu jita bas, ga yadda abin yake a hannu. Ka bugi igiyar mi a sake, ka danna gida na 1 ka samu fa, ka bugi la a sake, sannan gida na 2 si, gida na 3 do. Mi, fa, la, si, do: ka shiga Japan ke nan. To yanzu ka ɗauke yatsa daga fa ka kai sol a gida na 3, ka bar do ka bugi igiyar re a sake. Mi, sol, la, si, re. Wallahi ka komo gida. Sauti biyu tak sunka canja, uku suna nan inda suke.

Ita kanta bas ɗin ba tsohuwa ba ce. A 1951 Leo Fender ya fiddo Precision Bass a Amurka, da ƙarafa a wuya waɗanda anka auna bisa tsarin Turai. Goge ba shi da ƙarfe ko ɗaya, yatsa ne ke neman sauti, kuma wani sa'in yana faɗawa tsakanin gida biyu na jita. Shi ya sa mai bas na ƙwarai kan ja igiya kaɗan don ya cim ma muryar mawaƙi. Wanda bai iya ba sai ya tilasta wa mawaƙin ya bi shi, kuma nan ne waƙa ke fara rasa ƙamshinta.

Nijar ta taɓa ɗaukar batun nan da gaske. A 1987 anka kafa gasar Prix Dan Gourmou, da sunan mawaƙin nan na Tawa, don orkes na zamani su riƙa ɗebowa daga gargajiya. A 1989 anka buɗe makarantar kiɗi ta CFPM Taya a Yamai. Daga wannan yanayi Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni ta fito, inda bas ke tafiya da sarewa da ƙwarya ba tare da ta danne su ba. Mu ma nan muna da Akazama ta Dutsi, mai ɗauke da sunan sarkin Arewa na farko. Dattawan da sunka yi rawa a lokacin suna nan da rai, a tambaye su.

Su Japan sun sha irin namu. A 1879 gwamnatinsu ta kafa ofishin nazarin kiɗi ƙarƙashin Isawa Shuji, aka shigo da do re mi cikin lakwal. Sai dai sun yi dabara: waƙoƙin yara da yawa an tsara su ba fa, ba si, don su zauna cikin biyar ɗin da kunnen yaro ya sani. Koto kuma ba a jefar da shi ba, har yau ana koyar da shi, a rubuce.

Abin dariya, Yamaha da Casio da sunka cika bukukuwanmu daga ƙasar tasu suke. Su sun saida muna piyano, sun riƙe kotonsu. Mu kuwa yaro ɗaya zai danna maɓalli, inji ya buga ganga da bas tare, mai goge na zaune gefe ba wanda ya kira shi. Ban ga laifin yaron ba, kuɗin biki ba su isa a biya mutum shidda. Amma bas ɗin da ke cikin injin ba ta taɓa jin gogen Arewa ba, kuma ba za ta ja igiya don kowa ba.

Masu gogen da sunka rage a ƙauyukan Dallol Mawri, da yawansu furfura ta kama su, ƴaƴansu kuma sun tafi bida kudu. Mai bas da ke son koyon jan igiyar nan, wurinsu zai same shi. Ya tafi da jitarsa da salula, ya ɗauki sauti, ya kuma riƙa wa tsoho goro.