Ruwa, Ƙasa Da Kurege: Tarihin Binciken Tsirowar Itatuwan Hamada

Idan aka tambaye ka abin da ke sa iri ya tsira a hamada, nan take za ka ce ruwan sama. Masana ma daga nan suka fara, amma sai da suka kwashe fiye da shekara 60 suna ƙara wa amsar bayani.

A 1948 da 1949, Frits Went, masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan da ke aiki a Kalifoniya ta Amurka, ya wallafa bincikensa kan hamadar yankin. Ya nuna cewa yayyafi ba ya tayar da irin yawancin tsirran wurin, sai ruwa mai ƙarfi ya sauka. Ya kuma lura da wasu itatuwa na busassun ƙoramu masu iri mai taurin ɓawo, waɗanda ba sa tsirowa sai ambaliya ta gurza irin da tsakuwa da yashi. Ashe ƙasa ma tana da hannu a ciki.

A 1973, Imanuel Noy-Meir ya fito da bayanin da ya saɓa wa tunanin mutane da yawa. Inda ruwa ke ƙaranci, rairayi ya fi laka amfani ga tsiro, domin ruwa na nitsewa cikinsa ya ɓuya daga zafin rana. Laka kuwa a sama take riƙe ruwan, rana ta shanye shi, sannan ta yi ɓawo mai tauri. Duk wanda ya san bambancin jigawa da faƙo ya gane maganar.

To, wane ne ke shuka irin a daji? A 1994, Stephen Vander Wall na Jami'ar Nevada ya bi diddigin irin wani ɗan itace, Purshia tridentata, wanda barewar yankin ke ci. Ya gano cewa wasu ƙananan kuregu ne ke kwashe irin suna binnewa a ramuka, ƙwaya da yawa a rami guda, don ajiyar abinci. Kusan duk tsiron da ya gani daga waɗannan ramuka ya fito, cunkus a wuri ɗaya.

Wannan cunkoso yana da riba, yana da hasara. Tsirran kan yi gasar ruwa, wasu su mutu. Amma idan ƙasa ta yi ɓawo, tsiro ɗaya ba ya iya fasa ta, sai sun taru sun tura tare. A 2012, Matthew Madsen da abokan aikinsa suka manne irin wata ciyawar yankin dunƙule-dunƙule, suka ga ya fi fitowa a ƙasa mai laka.

Amfanin wannan tarihi ya fi bayyana bayan gobarar daji a yammacin Amurka, inda ake kashe kuɗi masu yawa wajen watsa iri, sau da yawa kuma kaɗan ne ke kamawa. Shi ya sa yanzu masu farfaɗo da daji ke duba irin ƙasar wurin, da zurfin da za a binne iri, da yawan ƙwayar da za a zuba a rami.