Yadda Ɗaga Ƙarfe Ya Samu Shiga Filin Ƙwallo

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kocin da ya kama ɗan wasansa yana ɗaga ƙarfe faɗa zai rufe shi da shi. Abin da kowa ya yarda da shi a lokacin shi ne ƙarfe yana ɗaure jiki: tsoka ta kumbura, gaɓoɓi su sandare, mutum ya yi nauyi ya kasa juyawa. A ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila, atisaye bai wuce zagaya fili da hawa da saukar matakalar 'yan kallo ba.

Wannan imani ya fara tsagewa a 1940, a Kwalejin Springfield ta Amurka. Dakta Peter Karpovich, masanin aikin jiki, yana cikin masu sukar ɗaga ƙarfe, sai aka kawo wa ɗalibai zakarun sana'ar biyu, John Grimek da John Davis. Grimek, duk da curin tsokarsa, ya ware ƙafafu har ya zauna daɓas a ƙasa. Davis kuma ya yi alkafura ta baya riƙe da ƙarfe a kowane hannu. Karpovich ya cancanci yabo, domin bai tsaya gardama ba, ya koma ɗakin bincike. A 1951 ya fitar da sakamakon da ya nuna masu ɗaga ƙarfe sun fi waɗanda ba sa yi saurin juya hannu.

Amma wanda ya haɗa ƙarfi da gudu a aikace ɗan Tarayyar Sobiyet ne, Yuri Verkhoshansky, kocin 'yan tsalle a Mosko. Daga ƙarshen shekarun 1950 ya lura cewa ƙafar mai tsalle tana ɗaukar nauyi mai tsanani cikin ƙiftawar ido, irin wanda tsugunawa da ƙarfe a hankali ba ya koya mata. Sai ya sa 'yan wasansa su riƙa dirowa daga kan akwati mai tsawon kimanin santimita 75, da taɓa ƙasa su zabura sama. Tsoka da jijiya suna miƙewa yayin dirowa, kamar robar gwafa da aka ja, kuma idan ba a ɓata lokaci a ƙasa ba, ƙarfin da suka tara yana komawa cikin tsallen. Gudu da kaucewa abokin karawa duk a kan wannan suka dogara. Da ɗan Sobiyet Valeriy Borzov ya lashe tseren mita 100 da mita 200 a gasar Olamfik ta Munich a 1972, kociyoyin Yamma suka shiga cigiyar abin da Sobiyet ke yi.

Su ma Amurkawa tsoron ƙarfe bai sake su da wuri ba. A 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki Boyd Epley, ɗan wasan tsallen sanda, ya horar da 'yan wasanta na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ƙarfe, bisa sharaɗin koci Bob Devaney cewa in gudun ɗan wasa ko ɗaya ya ragu, a bakin aikinsa. Gudu ya ƙaru, Nebraska ta zama zakarar ƙasa a 1970 da 1971.

Ƙwallon ƙafa ce ta zo a makare, kuma taurin kai ne ya jawo, ba rashin hujja ba. Koci Valeriy Lobanovskyi da masanin kimiyya Anatoliy Zelentsov sun riga kowa, suka gina Dynamo Kyiv a kan awo da lissafi har ta ci kofin Turai na zakarun kofuna a 1975 da 1986. Ingila kuwa sai da Arsène Wenger ya sauka Arsenal a 1996 da tsalle-tsallensa da miƙe jiki da gyaran abinci, ya haɗa kofin Firimiya da na FA a 1998, sannan aka fara kwaikwayo. A Jamus, lokacin da kocin ƙasar Jürgen Klinsmann ya gayyato mai horar da jiki, Ba'amurke Mark Verstegen, a 2004, jaridu sun yi ta ba'a ganin manyan 'yan wasa suna tafiyar agwagwa da roba ɗaure a ƙafa. Jamus ta zo ta uku a Kofin Duniya na 2006, ba'ar ta mutu. A 2004 ɗin ne kuma masu bincike a Norway suka auna 'yan wasan ƙungiyar Rosenborg 17, suka ga waɗanda suka fi ɗaukar nauyi a tsugune su ne suka fi sauri a mita 10 da mita 30.

Ribar ba ta tsaya ga gudu ba. Yagewar tsokar bayan cinya ita ce annobar masu gudu, kuma wani bincike da aka buga a 2011 kan 'yan wasa 942 a Denmark ya gwada magani mai sauƙi: ɗan wasa ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa kifawa gaba sannu a hankali yana riƙe kansa. Rukunin da suka yi wannan atisaye sun samu rauni 15, waɗanda ba su yi ba 52. Kocin ƙungiyar unguwa da ke kukan rashin kayan aiki ya lura: wannan atisayen ba ya buƙatar komai sai mutum biyu da wuri mai laushi da za a sa gwiwa.