Wanda Ya Sa Rigar Attahiru

Akwatin ƙarfe ne kore, irin wanda alhazai ke dawowa da shi, a ƙarƙashin gadon kawuna a ƙauyenmu da ke kudu da Madani. A cikinsa na fara haɗuwa da Superman. Mujallun na Larabci ne, bugun Bairut, irin waɗanda aka fara fitarwa a 1964, kuma a cikinsu ɗan jaridar nan mai tabarau sunansa Nabil Fauzi. Batman kuwa Al-Waɗwaɗ ake kiransa, wato Jemage. Kawu ya sayo su tsofaffi a kasuwar Madani tun yana ɗalibi, gara ta ɗan ci gefensu, amma ni a wurina sun fi littafin lissafi daraja nesa ba kusa ba. Ba na raba ɗaya biyu Nabil Fauzi na da hannu a karatun jaridar da na yi daga baya.

Sai da na girma, ina zaman shagon intanet lokacin difloma, na tarar ashe an taɓa kashe Superman tun 1992, har mutum huɗu suka fito kowa da alamarsa a ƙirji yana cewa shi ne magaji. Na tarar an kashe Flash na biyu, Barry Allen, a 1985, yaronsa Wally West ya sa rigarsa sama da shekara ashirin. An harbe Captain America a 2007, abokinsa Bucky ya ɗauki garkuwar, daga baya a 2014 aka miƙa ta ga Sam Wilson. Raina ya ɓaci da duk wannan. Ni a lokacin, wanda ya sa rigar wani ɗan aro ne, komai ƙoƙarinsa. Abin da ya sanyaya mini rai kawai shi ne masu rubuta labaran ba sa iya jurewa: ko ba daɗe ko ba jima sai sun tono na asalin daga kabari sun mayar masa da kayansa. Superman bai cika shekara a mace ba.

Da wannan ra'ayin na shiga aikin rediyo, kuma da shi na tafka abin kunya.

Ina gabatar da wani shiri na tarihi da Hausa, mako-mako. Wata ranar Yuli na keɓe shi ga yaƙin Burmi. Na zuba bayani iya iyawata a kan Sarkin Musulmi Attahiru, da na zo ƙarshe sai baki ya kufce mini na ce, daga ranar da ya faɗi an rufe littafin jarumai, duk waɗanda suka biyo baya masu cike gurbi ne. Aka buɗe layin waya. Mutum na biyu da ya kira dattijo ne, muryarsa na rawa amma ba ta tsoro ba.

"Ɗana, a ina aka binne cibiyarka?"

"A nan Jazira, Baba."

"To wa ya kawo mutane ƙasar nan, wanda ya kwanta a Burmi ko wanda ya tashi daga Burmi?"

Ban da amsa. Na yi masa godiya, na sa kiɗa. Abin da ke biye shi ne amsar da na kasa ba shi a daren nan.

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya hau gadon sarautar Musulmi a Oktoban 1902, bayan rasuwar Abdurrahman. Wata biyar kacal ya yi a gidan sarauta. Kano ta faɗi hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairun 1903, ranar 15 ga Maris kuma aka gwabza a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Dawaki da masu ba su yi wa bindiga mai ruwa komai ba. Attahiru ya fita ya nufi gabas. Ba gudun ceton rai ya ɗauki tafiyar ba. An daɗe ana ruwaitowa tun zamanin Shehu cewa wata rana jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu, ta tarbi Mahadi. Saboda haka duk garin da ya ratsa sai mutane su bar gero a rumbu su bi shi: manoma, malamai, mata da goyo, har da sarakuna irin su Ahmadu na Misau da Abubakar na Bida. Wannan ambaliyar jama'a ita ta firgita Turawa fiye da takobinsa. Suka bi shi har Burmi, kusa da dutsen Bima a ƙasar Gombe. Karon farko, cikin Mayu, mutanen garin suka kora su. Suka dawo da shiri ranar 27 ga Yuli. Aka wuni ana yi. Shugaban rundunarsu, Manjo Marsh, ya mutu da kibiya. Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, gawa kan gawa a kewaye da tutarsa.

Idan mai zanen mujalla ne, a nan zai cika shafi guda da hoto ɗaya, ya rubuta "ƙarshe". Ni ma a nan na tsaya a shirina.

Sai dai tun Attahiru na raye, tun bai yi nisa da Sakkwato ba, an riga an naɗa wani. Ranar 21 ga Maris, kwana shida bayan Giginya, Lugga ya tsaya gaban manyan gari aka tabbatar da sabon Sarkin Musulmi. Sunansa? Muhammadu Attahiru. Wannan ɗan Aliyu Babba ne, jikan Muhammadu Bello, kuma dama ya nemi sarautar a 1902 bai samu ba. Wata huɗu cur ana da Attahiru biyu a ƙasa ɗaya, ɗaya a kan doki ana farautarsa, ɗaya a fada yana sauraron sharuɗɗan wanda ya ci ƙasar. Ko masu rubuta Superman ba su yi ƙarfin halin ba wa magaji sunan yanka ɗaya da na mamaci ba.

Wannan Attahiru na biyu shi ya fi ba ni wahala. Ina so in yi masa uzuri. Wazirinsa Buhari, wanda ya dawo da jama'a cikin gari bayan an watse, ya rubuta dogon bayani kan dalilin da ya sa suka zauna: in kowa ya tafi, wa zai tsaya wa waɗanda ba su da abin hawa, wa zai riƙe masallatai da kotunan alƙalai? Hujja ce mai nauyi, kuma mafi yawan jama'a a gida suka zauna. Amma sai in tuna da Satiru. A Fabrairun 1906 talakawa da bayi da suka gudo suka yi bore a wannan ƙauye kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojojinsu. Sarkin Musulmi ya tsaya a gefen Turawa. Cikin Maris aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka haramta sake zama a wurin. Ya yi mulki har 1915. Har yau in na zo kansa a shiri nakan faɗi abin da ya faru in wuce, don ban gama yanke masa hukunci a zuciyata ba, kuma ban tabbata ina da hurumin yankewa ba.

A wannan shekara ta 1906 ɗin, a can wani ɓangare na duniya, ɗaya magajin ya iso bakin kogi.

Muhammadu Bello ɗan Attahiru, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya fita daga Burmi da ransa. Ka duba sunan ma: na Muhammadu Bello ɗan Shehu ne, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837. Tun ranar suna rigar wani aka sa masa. Shi ya tattara waɗanda suka rage ya ci gaba da su gabas, ta ƙasar Chadi ta yau da yammacin Sudan, tafiyar shekara uku. A hanya ake yada zango a yi noma, a haihu, a binne mamata, a sake ɗaura kaya. Ba wanda ya zana wannan tafiya, don ba ta da rana ɗaya da za a nuna a ce ga ranar jarumta. Rarrashin mutum dubbai su tashi gobe da asuba, alhali jiya sun binne 'ya'yansu, aiki ne da ba ya shiga hoto.

Suka sauka a Shaihu Ɗalha, wani gari a gabashin Shuɗin Nilu da wani malami Bafillace ya kafa tun da daɗewa. Daga baya Mai Wurno ya haye yamma da kogin ya kafa garinsa, kudu da Sinnar kaɗan, garin da har gobe sunansa yake amsawa: Mayirno a bakin Larabawa.

Ga abin da ke sa ni ajiyar zuciya duk lokacin da na zo nan. Sun bar gida don kada Nasara ya mulke su. Suka iso suka tarar Mahadin Sudan ya rasu tun 1885, daularsa ta rushe a Karari tun 1898, kuma mai mulkin ƙasar shi ne dai Baturen Ingila, ɗan'uwan wanda ya kashe Attahiru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Me Mai Wurno zai yi? Ya ja takobi a baƙuwar ƙasa, da mutanen da ƙafafunsu suka faffashe? Bai ja ba. Ya zauna da hukuma, ta amince da shi a matsayin Sultan a kan jama'arsa, ya sami ƙasar noma, mutanensa suka bazu suna kafa ƙauyuka a gefen kogin. Turawan ma da nasu lissafin. Suna tsoron 'yan yamma masu kwarara zuwa tsibirin Aba wurin ɗan Mahadi, sun fi son su taru ƙarƙashin wanda ba ya cikin wannan tafiya. Suna kuma neman hannuwa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin audugar Jazira, audugar da masaƙun Ingila ke jira. Hausawa da Fulani da Barebari, na hijira da na hanyar Makka da guzuri ya ƙare musu, su suka duƙa a cikin waɗannan gonaki.

Kakannina cikin na biyun suke. Ba jinin sarauta ba ne, ba su ga Burmi ba. Maniyyata ne daga ƙasar Kano da suka biyo sawu shekaru bayan haka, suka ji akwai garin da ake jin Hausa a bakin Nilu, suka huta a can kafin su gangaro Jazira tsintar auduga. Kakata kan ce da babu wannan gari da a daji za su kwana. Ita ba ta san wani Attahiru ba sai a waƙa. Mai Wurno kuwa, mahaifinta ya ci tuwo a ƙofar gidansa.

Ba Mai Wurno kaɗai ya sha wannan ba. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi, an haife shi ne bayan rasuwar uban da 'yan makonni. A 1919 ya je Landan cikin tawaga ya miƙa wa Sarki Joji na Biyar takobin da aka ce na mahaifinsa ne, sarkin ya mayar masa. Ya zama hamshaƙin manomin auduga. Wasu sun ce ya sayar da gado. Amma da kuɗin audugar ya sake tara Ansaru ya raya sunan gidansu har ƙasar ta sami 'yanci a 1956. 'Ya'yan jarumai biyu, kogi biyu, hanya kusan ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka na wanke magada tas. Sulhun da Mai Wurno ya yi ya ba mu wurin zama, bai ba mu zama 'yan ƙasa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna Sudan tun ranar 31 ga Disambar 1897. Mutanen hijira sun makara da shekara tara. Tsofaffinmu da yawa sun yi rayuwarsu a kambo, wato 'yan rugagen ma'aikata da ke gefen gonaki, suna noma hawashar wani, ana kiransu Fallata da wata irin murya da duk wanda aka taɓa kira ya san ta. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar ba ta mutu ba. A Yulin 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautarsu, sai maganar ta koma ta waye mai ƙasa, aka zubar da jini a Rusairis da kewayenta, aka sake zubarwa a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Na karanta sanarwar rasuwa a waɗannan watanni har na daina ƙirgawa. Wannan ma yana cikin abin da aka gadar mana.

Mai Wurno ya rasu a 1944. Ɗansa ya gaje shi, kuma sunansa Muhammadu Ɗahir, wato Attahiru kuma. Na uku ke nan. Sarautar na nan a gidan har yanzu, kuma yaran garin da yawa Larabci ya fi zama a bakinsu fiye da Fulatanci ko Hausa. Tutar da aka ƙwace a Burmi kuwa Sakkwato aka mayar da ita a 1960, wurin zuriyar waɗanda suka zauna.

Na koma kan mujalluna da wani ido. Yanzu in na ga matasa suna faɗa kan ko Miles Morales, yaron da aka ba rigar Spider-Man a 2011, ya cancanta, nakan lura da abin da ban lura da shi da ba: duk masu faɗan sun san na asalin na nan, ko zai dawo. Magajin mujalla riƙon ƙwarya yake yi. Na Burmi ya waiga bai ga kowa ba.

Mako biyu bayan wancan shiri na yi wani a kan tafiyar shekara ukun, daga Burmi zuwa Shaihu Ɗalha, na faɗi a iska cewa wani dattijo ne ya gyara mini kuskure. Na bar layi a buɗe fiye da yadda aka saba, har mai kula da na'ura ya fara nuna mini agogo. Mutum tara suka kira. Babu shi a ciki.