Yadda Wa'azin Tashin Matattu Ya Koma Kudu da Hausa

Wanda ya bi ta unguwannin 'yan Arewa a Fatakwal, Anacha ko Enugu da safiyar Lahadin Ista zai iya jin matan zumunta suna kaɗa tulu, sanye da zane iri ɗaya, suna waƙar tashin Yesu Almasihu daga matattu da Hausa tsantsa. Abin yana da tarihi, kuma daga bakin kogin Kwara ya faro.

A 1841 wani Bajamushe mai bishara, James Schön, ya shiga ayarin Ingila da ya hau kogin tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön ya lura Hausa ce harshen fatake, sai ya dage da koyonta, daga baya da taimakon Dorugu, yaron da matafiyi mai bincike Barth ya kai Turai. A 1857, shekarar da Crowther ya kafa mishan a Anacha, aka buga Bisharar Matta da Hausa. Sai dai Anacha ta Ibo ce, don haka aikin Hausar ya nausa Arewa. Likita Walter Miller ya zauna Zariya a 1905, mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Waɗanda suka fi rungumar littafin ba Hausawan asali ba ne. Mutanen Filato ne, da kudancin Kaduna, da Adamawa, da Tangale. Su ne aikin soja da ɗan sanda da neman abinci ya gangaro da su Kudu, ta hanyar dogon da ya haɗa kwal ɗin Enugu da tashar jiragen ruwan Fatakwal tun 1916, aka kuma ƙarasa shi zuwa Arewa daga baya. Majami'u irin su ECWA da COCIN suka biyo mutanensu.

A wurin jana'iza ake ganin ƙarfin wannan imani. Fasto kan karanta sura ta 15 ta Korantiyawa ta fari, ya tuna wa masu makoki cewa jiki zai tashi, akwai rai madawwami. Maƙwabcinsu Musulmi mai sayar da albasa yakan zo ta'aziyya, don shi ma ya gaskata da tashin ƙiyama da hisabi, ko da yake sun saɓa a kan mutuwar Annabi Isa. Ga Ibo mai gidan haya kuwa, dukkansu Hausa ne.