Haihuwa bayan cutar daji: Abin da magani ke yi wa ƙwan mace da matakan da ake ɗauka

Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne nau'o'in cutar daji da suka fi kama mata a Najeriya, kuma da yawa daga cikin masu fama da su ba su wuce shekarun haihuwa ba. A ranar da aka tabbatar wa mace tana da cutar, hankalin kowa kan koma ga ceton rai, shi ya sa batun haihuwa kan zo daga baya, wani lokaci bayan damar ta kuɓuce. Kusan duk hanyoyin da likitoci ke bi don kare haihuwar mai cutar daji, kafin a fara magani ake bin su.

Dalilin yana cikin halittar mace. Ana haihuwar jaririya da ƙwai kimanin miliyan 1 zuwa 2 a ma'ajiyar ƙwanta, zuwa lokacin balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma jiki ba ya ƙirƙiro sabbi. Duk wanda magani ya lalata, ya tafi ke nan.

Magungunan kemoterafi ba ɗaya suke ba wajen ɓarna. Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne saiklofosfamaid da danginsa, waɗanda ake amfani da su a sankarar mama da ta limfoma. Yawan maganin da shekarun mace su ne ke yanke hukunci: 'yar shekara 25 takan ga al'adarta ta dawo bayan wasu watanni, wadda ta haura 40 kuwa sau da yawa ba ta sake gani. Gashi da na'ura a ƙugu, wanda ake yi wa masu sankarar bakin mahaifa, yana kashe ƙwai, yana kuma taurara mahaifa, abin da ke ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini. Idan aka cire mahaifa baki ɗaya, ɗaukar ciki ya ƙare.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Dawowar al'ada ba shaida ba ce cewa ƙwai na nan da yawa, domin mace na iya yin haila wata-wata alhali abin da ya rage mata kaɗan ne, har al'adar ta ɗauke tun tana 'yar talatin da wani abu. Haka nan ɗaukewarta lokacin magani ba ta nufin ciki ba zai shiga ba. Gwajin jini da ake kira AMH da hoton mara su ne ke ba da haske kan adadin da ya rage.

Hanyoyin kariya

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce a ciro ƙwai, a haɗa da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a daskarar. Wadda ba ta da aure ana iya daskarar mata da ƙwan shi kaɗai, hanyar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina ɗauka a matsayin gwaji tun 2012. Aikin kan ci kimanin mako biyu na allurai, kuma yanzu ana iya farawa a kowace rana ta wata. Ga yarinyar da ba ta balaga ba, ko wadda maganinta ba zai jira ba, ana yanko wani ɓangare na ma'ajiyar ƙwai a daskarar, a mayar mata bayan ta warke. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam a 2004.

Duk waɗannan na buƙatar cibiyar dashen ciki ta IVF. Akasarin irinsu a Najeriya masu zaman kansu ne, sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma kuɗin ya kai miliyoyin naira, ga iyalin da ke neman kuɗin kemoterafi. Sai dai akwai matakai biyu da ba su kai haka tsada ba. Na farko allurar goserelin ce ta wata-wata, mai kwantar da ma'ajiyar ƙwai yayin magani. A wani bincike kan masu sankarar mama da aka wallafa a 2015, kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar ne ƙwansu ya daina aiki, a kan kashi 22 na waɗanda ba a yi wa ba. Tana rage haɗari ne, ba ta maye gurbin daskarewa. Na biyu tiyata ce da ake matsar da ma'ajiyar ƙwai zuwa sama kafin gashi.

Ta fuskar addini, hukumar fatawa ta Masar ta halatta daskarar da ƙwai a 2019, bisa sharaɗin a haɗa shi da maniyyin mijin matar kaɗai, kuma auren na nan.

Bayan an gama magani

An daɗe ana tsoratar da waɗanda suka warke daga sankarar mama cewa juna biyu zai tayar da cutar. Bincike bai goyi bayan wannan tsoro ba, bai kuma nuna cewa 'ya'yansu sun fi sauran yara haɗarin nakasa ba. Likitoci dai kan ba da shawarar a jira, galibi kusan shekara biyu, domin a lokacin ne cutar ta fi dawowa.

Matsalar ta fi tsanani ga masu shan tamoksifen na shekara 5 zuwa 10, maganin da ke iya cutar da ɗan tayi. Wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2023 ya bibiyi mata sama da 500 da suka dakatar da irin wannan magani bayan wata 18 zuwa 30 don neman ciki. Bayan shekara uku, cutar ta dawo wa kashi 8.9 daga cikinsu, kusan daidai da kashi 9.2 na waɗanda ba su dakatar ba. Dukansu a ƙarƙashin kulawar likita suka yi, sun jira wata uku maganin ya fita daga jiki, da shirin komawa kansa bayan haihuwa.

A tsawon wannan jira akwai buƙatar tazarar haihuwa. Wadda ta yi sankarar mama ba a ba ta ƙwayoyi ko allurai masu sinadarin homon. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ko kwaroron roba aka fi zaɓa mata. Wadda aka ba doksorubisin kuwa ana duba zuciyarta kafin ta ɗauki ciki.

Akwai kuma wadda al'adarta ta ɗauke da wuri, wadda sau da yawa ba a tambayarta komai sai ko cutar ta dawo. Takan yi fama da zafin jiki da gumin dare, bushewar gaba da zafi lokacin kwanciyar aure, ƙashinta kuma na raguwa da ƙarfi tun da ƙuruciya. Idan cutar tata ba mai alaƙa da homon ba ce, kamar yawancin sankarar bakin mahaifa da limfoma, likita na iya ba ta maganin maye gurbin homon har zuwa kusan shekara 50, lokacin da al'ada kan ɗauke da kanta.